Shekarar da Na Saƙa wa Baba Kare

Makon jiya jikata Husna, 'yar wajen Kabiru, ta zo mini da hoto a wayarta. Wai jakar saka waya ce da aka saƙa da kwarashi, an liƙa mata ɗan kare mai manyan kunnuwa, ita ma irinta take so. Kafin in buɗe baki ubanta ya yi caraf ya ce ai Hajiya ba ta saƙa kare, ta nemi fure ko tauraro. Na dube shi, mutum har da furfura a gemu, yana ba da shaida a kan abin da bai sani ba. Na saƙa wa yarinya jakarta cikin kwana biyu, da karenta da komai, sannan na ce lokaci ya yi da zan rubuta muku wannan, domin na lura kowannenku da irin labarin da yake riƙe da shi. Wasunku sun ɗauka kakanku na Ƙarfi ƙin mu ya yi don na musulunta. Wasu kuma sun ɗauka Inna, mahaifiyar babanku, ita ta kore shi daga ƙofar gida. Duka biyun ba haka aka yi ba, kuma cikin waɗanda suka gani da ido ni kaɗai na rage.

Mu Maguzawa ne, kada wani ya ɓoye muku, ba abin kunya ba ne. A wata 'yar unguwa bayan Ƙarfi aka haife ni, gidaje bakwai da rumbuna sun fi ashirin. Mahaifina, wanda duk ƙasar ke kira Nomau, manomin auduga ne da dawa, dogo, mai faɗa, mai kyauta, wanda ba ya iya cewa na gode ko da za a yanka shi. Babanku ya gan ni ne a kasuwar auduga, lokacin yana malamin awo, ni kuma ina rakiyar jakuna. Da maganar aure ta taso, na ce zan bi addinin mijina, Baba bai hana ba. Cewa ya yi mutumin da shekara uku bai taɓa danne masa sikeli ba zai iya riƙe mace. Aka sa mini suna Halima, shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa Lami yake kira na. Haka na taho Funtua da yardarsa, da tukwanen da uwata ta bari, da hawayena na farin ciki.

Sai dai Baba yana da kare. Barsu sunansa, ja ne, ƙafarsa ta gaba ɗaya fara, kunnensa ɗaya a karye. Tun da uwata ta rasu karen nan ya zama abokin hirarsa. Tare suke zuwa gona, tare suke dawowa, in an kawo tuwo sai ya gutsura masa kafin ya kai loma bakinsa. Ku da kuka tashi a gari ba za ku gane ba, ni ma da na daɗe a gari sai na fara mantawa.

Da na haifi babbar yayarku, wadda har yau ba na kiran sunanta, ban koma gida wanka ba, tunda ba uwa a can. Inna ce ta yi mini komai, kuma ta yi shi da zuciya ɗaya, wannan ku rubuta ku ajiye. Ranar suna Baba ya taso tun asuba da damin dawa biyu a kan jaki, da kaji, da akuya, Barsu na biye da shi. Ni ina ɗaki, abin da aka ba ni labari ke nan. Ana cikin rabon goro a ƙofar gida, kare ya sha tafiya, ya ga kwanon ruwan da aka ajiye wa malamai na alwala, ya tsoma baki. Wan babanku, Idi, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai saurin hannu. Ya ɗauki guntun itace ya jefa, ya samu karen a ƙafar baya, ƙashi ya karye. Aka ce Baba bai ɗaga murya ba. Ya sauke dawa, ya ɗaure akuya a jikin turke, ya saɓa karensa a wuya kamar ɗan rago, ya juya. Babanku ya bi shi har bakin titi yana ba shi haƙuri, sai ya ce masa:

"Gidan da aka karya ƙafar Barsu, tawa ƙafar ba za ta taka shi ba. Ka gai da Lami."

Ya tafi bai ga jaririyar ba. Inna kuwa, da na yi arba'in na ce zan kai masa ita, sai ta ce in dai tana raye jikarta ba za ta je inda kare ke lasar ƙwarya a kuma ɗebo wa yaro ruwa da ita ba. Ni in je, ba ta hana ni ubana, amma yarinya tana nan. To kun ji inda aka tsaya. Shi ba zai zo ba, ita ba za ta je ba, kuma kowannensu in ya faɗi magana ko duniya za ta taru ba ya janyewa. Shekara uku aka yi a haka, mahaifina bai taɓa ɗora hannu a kan jikarsa ta fari ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai. In na je Ƙarfi sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi farashin gishiri a Funtua, ya tambayi ko rijiyarmu na ƙafewa, can daga ƙarshe ya ce yaya 'yar Funtua. Sai na koyi yanke karan dawa daidai tsawonta in kai masa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce ba a ba ta abinci, ya soke a jinkar ɗakinsa.

A cikin waɗannan shekarun ne na koyi saƙa. Katangarmu ɗaya da wata mace da muke kira Maman Ngozi. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Funtua aka haife ta, ta tafi lokacin yaƙin basasa, ta dawo bayan ya ƙare, kuma Hausarta ta fi tawa ta ƙauye gogewa, ba ta kuma fasa gaya mini hakan. Mijinta kayan keke yake sayarwa, ita tana saƙa hulunan jarirai da safa da marfin kwano. Akwai wata 'yar ƙofa tsakanin gidajenmu, ta nan nake zuwa in na gama aikin rana. Ta ba ni kwarashi, wato wannan 'yar allurar mai ƙugiya a baki, da ragowar zaren ulu, ta zaunar da ni. In na yi kuskure ba ta lallashi, kamo bakin zaren take yi ta ja, aikin yini guda ya warware a gabana tana dariya.

"Halima, hannunki na gudu, idonki na barci. Wa ke koran ki?"

Ba wanda ke kora ta, haka Allah ya yi ni. Duk da haka kafin shekara ta zagayo babu jaririn unguwarmu da bai sa hular hannuna ba, har Inna na ɗauka tana nuna wa ƙawayenta, tana cewa ai surukarta ce.

Da bazarar shekara ta ukun, Gwaggo Jummai, ƙanwar Baba da ke kawo daddawa kasuwar Funtua, ta biyo ta ce mini Barsu ya mutu. Tsufa ne, ba wani abu ba. Ta ce Baba ya haƙa masa rami a gindin ɗorawar gona, tun ranar kuma ba ya cin abin kirki, an kawo masa 'yan kwikwiyo har biyu ya ce a mayar. Ga damina na matsowa, mutumin da ke riga kowa sharar gona yana zaune a kan turmi yana kallon ƙasa. Babanku yana jin mu. Kun san shi, magana a wurinsa kamar cire ƙaya ce. Bayan kwana biyu sai ga shi da 'yar ƙaramar rediyo mai batir biyu, ya ajiye a gabana ya ce a kai wa Baba, ko ya samu abin da zai riƙa yi masa surutu a gona.

Na ce to, rediyo a gona sai da jaka mai igiyar ratayawa. Na zaɓi zare shuɗi na fara, kwana biyu na gama jikin jakar, da 'yar taga ta wurin da murya ke fita. Ina riƙe da ita ina dubawa sai na ji a raina ba rediyo Baba ya rasa ba. Na ruga wurin Maman Ngozi na ce ta koya mini saƙa kare. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kare? A gidan Inna? Ke dai kin gaji da zaman lafiya."

Amma ta koya mini. Ana farawa da ɗan zobe, a yi ta zagayawa ana ƙara ido har ya zama kamar ƙaramin gauta, wannan shi ne kai. Jiki ya fi tsawo kaɗan, ƙafafu kamar yatsun yaro, kowanne a bar masa baki a buɗe don a cusa masa abin da zai cika shi. Ta ce in samo auduga mai laushi. Auduga kuwa ina da ita, domin duk shekara, fushi ko ba fushi, Baba na aiko mini da ƙunshin tsinkar farko ta gonarsa, kamar yadda ake yi wa 'ya'ya mata don kaɗi. Sai dai ɗanya ce, da 'ya'yanta a ciki. Kafin a yi amfani da irinta sai an gurza, a ɗora ta a kan dutse a murza da sandar ƙarfe har angurya, wato ƙwayar, ta fita. Dutsen gurza na gidanmu kuwa a ƙofar ɗakin Inna yake, in na zauna a kansa sai ta tambaye ni me zan yi da auduga ni da ba na kaɗi. Don haka na rufe ƙofata, na yayyaga audugar da hannu, na cusa ta yadda take. Na ji 'yan ƙwayoyin a ƙarƙashin yatsana, na ce wa zai sani.

Ɓoyon bai yi mini amfani ba. Wata rana bayan azahar Inna ta shigo neman faifai, ta ɗaga wanda na kifa a kan gado, sai ga ɗan jan kare kwance, saura ƙafa ɗaya da kunnuwa. Ta saki faifan kamar ta taɓa wuta.

"Halima, mene ne wannan?"

"Na Baba ne, Inna. Karensa ya mutu."

"Allah ya ba shi haƙuri. Amma a ɗakin da kike salla? A ɗakin da yarinya ke kwana? Ga siffa, ga kare, wane mala'ika ne zai leƙo gidan nan? Warware shi yanzu ina kallo."

Tun da na zo gidan ban taɓa musa wa Inna ba, ko a kan gishirin miya. Ranar na durƙusa, na ce ta yi mini afuwa, duk abin da ta ce zan yi, amma wannan ba zan warware ba. Na ce shekara uku ina kai wa ubana karan dawa a madadin jika, wannan kaɗai nake da shi da zan ba shi. Ta daɗe tana kallo na. Sannan ta ɗauki faifanta ta fita.

Da babanku ya dawo ta kai masa ƙara. Ya saurare ta, ya saurare ni, ya yanke cewa a fitar da shi daga gidan, in ƙarasa a wurin Maman Ngozi, daga can ya wuce Ƙarfi. Ba wadda hukuncin ya yi wa daɗi. Ina naɗe kayan a zane zan fita, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman takalmi, ya ce a hankali:

"Kada ki manta, ƙafarsa ɗaya fara ce."

Ashe duk shekarun nan abin na ransa. Na ƙarasa kare, na yi masa farar ƙafa, na karya kunne ɗaya, na yi idanu da baƙin zare, na ɗinke shi a gaban jakar. Gwaggo Jummai ta tafi da shi cikin kwandon daddawa. Inna kuwa daga ranar ta daina cin abincin hannuna. Ta fito da 'yar tukunyarta ta kafa murhu a gefen ɗakinta, tsohuwa da ciwon baya tana hura wuta, ni ina gani. In tana son wani abu sai ta ce wa yarinya, je ki gaya wa uwarki. Ba zagi, ba gori, gaisuwa ma tana amsawa, amma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Maƙwabta duk sun sani, don a unguwa hayaƙi biyu a gida ɗaya ba ya ɓuya.

Kasuwa ta zagayo, na tare Gwaggo tun daga zaure ina tambayar me Baba ya ce. Ta ce ya ajiye rediyon a gefe ko kunnawa bai yi ba, ya riƙe jakar ya daɗe yana shafa karen da babban yatsa. Na ce sai me? Ta ce sai ya ce:

"Kunnen hagu ne a karye, ba na dama ba."

Shi ke nan saƙon. Ta ce amma ya rataya, kuma washegari an gan shi a gona da fartanya, rediyo na ta zuba a kafaɗarsa. Na yi murna da ya koma gona, amma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji haushi. Na ɓata da Inna, na zama abin magana a unguwa, ladana kuma gyaran kunne. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, gidanmu na nan da murhu biyu.

Sai aka shiga marka, kwana huɗu ruwa ba ya ɗaukewa. Kamar mako guda bayan rana ta fito, da hantsi, babanku ya tafi aiki, ina tsakar gida ina surfe, sai na ji murya daga waje:

"Gafara dai, masu gida!"

Taɓarya ta suɓuce daga hannuna. Na ruga zaure ko mayafi ban ɗauka ba. Ga Baba tsaye, taki ɗaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba, malfarsa a kai, laka har ƙauri, jakar a rataye a kafaɗa. Na durƙusa zan gaishe shi, bai bari na gama ba. Ya ciro jakar ya miƙo ta saitin fuskata.

"Lami, dubi aikinki. Dube shi da kyau."

Na duba, na ƙara dubawa. Karen ya tsiro. Wallahi tsiro na gaske, kore shar, ya ɓullo ta idanun saƙar, uku a gadon baya, ɗaya a wuya, wani kuma ya leƙo ta gindin kunnen da na karya, kowanne da 'yan ganyensa biyu. Ashe ranar da ruwa ya kama shi a gona ya zare rediyon ya cusa a cikin riga, ya manta jakar a reshen ɗorawa har markar ta wuce. Da ya ɗauko ta bai yarda a matse ba, kada a lalata masa kare, bai kuma yarda a shanya a rana ba, kada ja ya koɗe. Ya ajiye ta a inuwar rumbu, angurya ta sha ruwa ta samu sanyi, ta yi abin da Allah ya halicce ta ta yi.

"'Yar Nomau," in ji shi, yana ɗaga murya har masu wucewa na tsayawa, "a ce 'yar Nomau ta cusa auduga ba gurza! Duk unguwa an zo an gani. Tsofaffi na cewa ishara ce, a yanka kaza. Na ce ba wata ishara, ƙiwa ce, na san mai ita. Abin da uwarki ta koya miki ke nan?"

Hayaniyar ce ta fito da Inna. Ta tsaya a bayana da carbinta, fuska a ɗaure. Karo na farko ke nan da suka haɗa ido tun ranar suna. Na ce yau kam sai yadda Allah ya yi. Ta matso, ta ranƙwafa, ta ƙura wa karen ido. Inna 'yar manoman Tsiga ce, ba sai an gaya mata ganyen auduga ba. Na ga kafaɗunta sun fara rawa, ta sa bakin mayafi ta toshe baki, abin ya ƙi, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Halima! Ashe ko gurzawa ba ki yi ba? Ga dutse a ƙofar ɗakina!"

"Gaya mata dai," in ji Baba. "Tun tana ƙarama haka take. In ta yi shuka sai an bi bayanta ana rufe rami."

"Ai ba ka ga wankin shinkafarta ba. Shekara huɗu ina tauna tsakuwa ina yin shiru."

Haka suka sa ni a tsakiya, shi a waje ita a ciki, suna jera laifuffukana tun daga yarinta har zuwa tuwon shekaranjiya, wanda ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ina durƙushe ina shan faɗa, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Da suka gaji, sai Inna ta goge ido, ta gyara mayafi, muryarta ta sauka.

"Abin da Idi ya yi bai kyauta ba. Tun ranar na gaya masa, aiko maka ne ban iya ba. Shigo daga rana, bawan Allah."

Baba ya dubi dokin ƙofa, ya dubi jakar.

"Da kare nake tafe."

"Ni dai auduga nake gani," in ji Inna. "Halima, shimfiɗa tabarma, ki zubo mana abin da kika dafa."

Ya kakkaɓe lakar ƙafarsa a jikin dutse, ya daɗe yana kakkaɓewa fiye da yadda lakar ke bukata, sannan ya tako ya shigo. Yayarku tana maƙale a bayan zanen Inna, tana leƙen wannan dogon baƙo da ido ɗaya. Inna ta kamo hannunta ta tura ta gaba, ta ce je ki, kakanki ne. Ta ƙi. Baba ya zauna a tabarma, ya cire malfa, ya ajiye jakar a kan gwiwarsa ya ƙyale ta ta zo da kanta, yadda yake yi wa ɗan maraƙin da bai saba da mutane ba. Ta yi taki ɗaya, ta yi biyu, ta miƙa yatsa ta taɓa ganyen da ke bayan karen. Sai ya sa hannu biyu ya ɗaga ta. 

"Ashe matata ta girma haka," in ji shi, "ni ban zo zance ba."

Na shige madafa na yi kukana na ƙoshi. Baba ya ce mini a tsaye ya zo, faɗa kawai ya kawo, motar la'asar zai bi ya koma don gona ba ta jira. La'asar ta yi, yarinya ta yi barci a ƙirjinsa, hannunta riƙe da gemunsa. Motar Malumfashi ta ƙarshe, wadda ke bi ta Ƙarfi, ta tsaya a bakin titi tana ta danna ƙaho, har cikin gida muna ji. Na leƙo na ce Baba, mota fa. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in rage murya, kada in tashe ta.